Fiƙar da Ta Ɓuya a Ganɗata

Ban daina tsotson yatsa ba sai da na shiga aji uku na firamare. Kakata ta yi duk dabarar da tsofaffi suka sani, ta shafa mini ruwan maɗaci a babban yatsa, ta naɗe hannun da tsumma idan zan kwanta, wata rana har barkono ta goga mini, na yi kukana na ƙoshi, na wanke yatsan na mayar da shi baki. Da na gama famfara, sai manyan haƙoran gaba na sama suka fito a ture zuwa waje, har leɓena ba ya rufe su sai na matse shi da gangan. A makaranta aka sa mini suna Zomo, sunan ya bi ni daga firamare har sakandare, ya kai ga wasu malamai ma da shi suke kirana ba tare da sun san yana yi mini ciwo ba. Tun ina 'yar shekara goma sha biyu na koyi dariya da bakin mayafi a kan bakina, kuma duk hoton da aka ɗauke ni a gidanmu, daga na sallah har na sauka, za a gan ni na tsuke baki kamar wadda aka yi wa faɗa.

Akwai wani abu kuma da ba wanda ya kula da shi, har ni kaina. A gefen hagu na sama, inda ya kamata a ce fiƙa ce, wani ɗan ƙaramin haƙori ne a zaune, gajere, ya ɗan yi duhu, bai kai tsawon 'yan'uwansa ba. Ummata takan ce ai haka Allah ya halicce shi. Ashe haƙorin yarinta ne da bai faɗi ba, kuma rashin faɗuwar tasa yana da dalili, amma sai da na kai shekara ashirin da bakwai sannan na san dalilin, bayan na riga na biya kuɗi an taɓa bakin.

A shekarar 2021 ina koyarwa a wata makarantar 'yan mata a garinmu, can kudancin jihar Katsina, aka sa ranar aurena. Wanda zan aura bai taɓa cewa komai a kan haƙorana ba, ni ce dai na ɗora wa kaina cewa ba zan zauna a gaban masu hoto ranar biki da wannan bakin ba. Na fara ganin 'yan mata a Kano da Kaduna da ƙarfe a haƙora, ina kuma ganin hotunan kafin da bayan gyara a Instagram, sai zuciyata ta kwaɗaitu. Da na kai maganar gaban Baba, bai tambayi kuɗi ba, abin da ya fara tambaya shi ne ko wannan ba canza halittar Allah ba ne. Ya je ya sami wani malami da ya yarda da iliminsa, malamin ya bayyana masa cewa hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud ya tsine wa masu goge haƙora su buɗe tsakaninsu don ado, amma gyara abin da ya karkace ya koma yadda aka saba ganinsa magani ne, ya kuma kawo labarin sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi izinin sa na zinare. Gwaggona da ke zaune a wurin ta ce tunda ana iya matsar da haƙori, a roƙi likita ya bar mini 'yar wushirya, Baba ya juya ya ce mata, “Ai kin ji wanda aka hana ke nan.”

Zaɓi biyu ne a gabana, kuma ba zan ce ban san da na biyun ba. Akwai likitan haƙori a garinmu, mai asibitin kansa, wanda ya taɓa yi wa Umma ciko, ya kuma cire wa Baba turmin da ya hana shi barci, mutum mai sakin fuska da kowa yake yabon saukin hannunsa. Akwai kuma maganar da wata abokiyar aikina ta yi mini, cewa a Kano akwai likitocin da ba su da wani aiki sai daidaita haƙora, waɗanda a asibiti ake kira otodontis, kuma can ya kamata in fara zuwa. Na yi waya na tambaya, aka ce sai na zo na yanki kati, a ba ni rana, a yi hotuna da awo, sannan a san abin da za a yi, kuma aikin yakan ci shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, wani lokaci ya zarce. Kuɗin da aka ambata mini ya kusa ninka na garinmu, ban da kuɗin mota. Likitan garinmu kuwa ya duba bakina da ɗan madubinsa bai fi minti goma ba, ya ce, “Malama, wannan ai ba wani abu ba ne, in Allah ya yarda cikin wata takwas zuwa goma za ki ga canji.” Ya yarda in biya kashi uku. Saura wata goma sha ɗaya bikina. Na yi lissafi irin na wanda ya riga ya yanke shawara, na ce a raina haƙori dai haƙori ne, likitan haƙori kuma likitan haƙori ne, ƙarfen da za a sa a Kano shi ne za a sa a nan.

Na sha komawa kan wannan ranar ina tambayar kaina abin da ya rufe mini ido, domin ni ba jahila ba ce, kuma ko ɗinki zan bayar na san telan da ya iya riga daban, mai yin aikin wuya daban. Gaggawa tana ciki, araha tana ciki, amma babban abin shi ne kunya. Na kusa shekara goma sha biyar ina ɓoye bakin nan, ga mutum ya kalle shi bai yamutsa fuska ba, ya ce abu ne mai sauƙi. Wannan kalmar nake nema tun ina yarinya, kuma da na same ta ban so wani ya zo ya ɓata mini ita da awo da hotuna.

Ya cire ɗan ƙaramin haƙorin nan na hagu, ya ce ragowar na yarinta ne, ba shi da amfani, gurbinsa ma zai ba mu wurin da za mu ja sauran baya. Ya manna ƙananan ƙarafa a haƙoran sama, ya zura waya, ya ɗaura robobi masu launi. Ba a ɗauki hoton ƙashi ko ɗaya ba, ni kuma ban san ana ɗauka ba balle in tambaya. Makon farko kunu da fura kawai nake iya sha, ƙarfen ya yi mini gyambo a cikin kumatu, amma ina murna, domin a ganina zafin alama ce ta aiki yana ci. Duk wata ina zuwa a canza roba, in zaɓi launin da ya dace da atamfar da zan sa. Cikin wata huɗu haƙoran da suka hau juna suka jeru, har ɗalibaina suka fara cewa Malama ta yi kyau.

A wata na bakwai na fara lura da abin da bai yi mini daɗi ba. Haƙoran sun jeru, amma turowar da ta sa na zo tana nan, idan ma ba ƙaruwa ta yi ba, domin rufe leɓe ya fi da wuya. Gurbin da aka cire haƙori ya ƙi rufewa, ya tsaya a matsayin giɓi. Haƙorin da ke kusa da gurbin, wato na biyu daga tsakiya, ya fara karkacewa, kansa ya kalli wani gefe, kuma idan na taɓa shi da harshe sai in ji yana motsi fiye da sauran. Na faɗa wa likita, ya ce haƙorin da ake ja dole ya yi motsi, ya ƙara ɗaure shi da roba mai ƙarfi. Bayan wata biyu sai ciwo ya zo, ba irin na kwana biyu bayan ɗauri ba, wani ciwo mai nauyi a can ciki, ƙarƙashin hanci, wanda yake tashina cikin dare. Aka yi bikina da ƙarfe a baki da giɓi a gefe, kuma a hotunan bikin na tsuke baki kamar yadda na saba.

Bayan biki da mako uku na koma na ce masa ba zan iya ci gaba a haka ba. A ranar ce ya ɗauki ɗan ƙaramin hoto na wurin da injin da yake da shi. Ya ɗaga hoton ya kalli haske, ya daɗe bai ce komai ba, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce, “Malama, akwai haƙori a cikin ƙashin nan.” Ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa zuwa Kano, ya sassauta wayar, ya ce kada in bari mako ya wuce. Ya ƙara da cewa, “Wannan ya fi ƙarfin abin da na koya, kuma da na ɗauki hoto tun farko da ban fara ba.” Na daɗe ina jin haushinsa, amma wannan maganar ban taɓa mantawa da ita ba, domin da ya so, zai iya ci gaba da canza mini roba har haƙorin ya faɗo, ni kuma in ce ƙaddara ce.

Maigidana ne ya raka ni tafiyar farko. Muka bi ta Malumfashi da Gwarzo, muka shiga Kano ta Kabuga da hantsi. Likitar da aka kai ni wurinta mace ce, ba ta da yawan magana, kuma ranar ba ta taɓa wayar da ke bakina ba ko kaɗan. Ta tura ni aka ɗauki babban hoto wanda injin yake zagaya kai, ya fito da muƙamuƙan sama da ƙasa da saiwoyin dukan haƙora a takarda ɗaya, aka ɗauki wani daga gefe wanda yake nuna ƙashin fuska gaba ɗaya, daga baya kuma ta nemi wani na musamman mai nuna wurin ta kowace fuska. Aka cika wani ɗan faranti da abu mai laushi kamar ƙullu aka danna a haƙorana, aka fitar da siffarsu. Ta auna tazarar da ke tsakanin haƙoran gaba na sama da na ƙasa da ɗan ƙarfen awo, ta ce milimita 9 ce, alhali abin da aka saba gani milimita 2 zuwa 3 ne. Ta duba dasashina haƙori bayan haƙori, ta tambaye ni ko na yi tsotson yatsa, ko ina numfashi ta baki idan ina barci, ko akwai mai irin bakina a dangi. Ziyara biyu muka yi ba a yi komai ba sai kallo da awo, har maigidana ya fara ƙorafin kuɗin mota.

A ziyara ta uku ta zaunar da mu ta ɗora hoton a allo mai haske. Ko ni da ban san aikin ba na ga abin da idona: ga fiƙa cikakkiya, doguwa, kwance a karkace cikin ƙashin ganɗa, kanta ya jingina da saiwar haƙorin nan mai motsi. Ta ce fiƙar sama takan fito ne wajen shekara goma sha ɗaya zuwa goma sha biyu, kuma ita ce ke cinye saiwar ta yarinta har ta faɗi, to tawa ta ɓata hanya tun a lokacin, shi ya sa na yarintar ya zauna. Sannan ta nuna mini saiwar haƙorin da ke ciwo, ta gwada ta da ta ɗan'uwansa na dama, sai ga ta hagun ta gajarce, kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, bakinta ya dakushe kamar allin da aka daɗe ana rubutu da shi.

Ta yi mini bayanin yadda haƙori yake tafiya, kuma tun ranar na daina ganin ƙarfen a matsayin abin ado. Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a katako ba, akwai wasu siraran zaruruwa da suka riƙe saiwarsa. Idan aka matsa shi a hankali, ƙashin da ke gabansa yakan narke kaɗan-kaɗan, wani sabo ya ginu a bayansa, da haka yake matsawa, abin da bai wuce milimita ɗaya a wata ba. Waya ba ta san inda take kai haƙori ba, duk inda aka ɗaura ta nan za ta ja. Idan akwai wani abu a kan hanyar saiwar, kamar fiƙata, to saiwar ce za ta ci gaba da gogar sa. Kuma idan aka jera haƙoran da suka cunkushe ba a samar musu isasshen wuri ba, gaba za su ƙara turowa, wanda shi ne abin da na gani a madubi na kasa fassarawa. Ta ce yanayin cizona shi ne wanda suke kira aji na biyu, a rabon da wani likita ɗan Amurka mai suna Edward Angle ya yi tun 1899 kuma har yau da shi ake aiki, wato haƙoran sama sun yi gaba da yawa a kan na ƙasa. Da an kawo ni ina 'yar shekara goma sha ɗaya, lokacin da muƙamuƙi yake girma, da akwai hanyoyin da suka fi sauƙi, kuma wataƙila cire na yarintar a kan lokaci kaɗai ya isa ya sa fiƙar ta gyara hanyarta.

Maigidana ya fusata, ya tambaye ta kai tsaye ko likitan farko ne ya lalata saiwar. Amsar da ta ba shi ta ƙara mata girma a idona. Ta ce fiƙar da ta maƙale tana iya cin saiwar maƙwabcinta ko ba a sa ƙarfe ba, kuma jan da aka yi yana iya ƙara ɓarnar, amma tunda babu hoton da aka ɗauka kafin a fara, ba wanda zai iya rantsuwa a kan nawa ne na da, nawa ne na yanzu. Ta ce doka ba ta hana likitan haƙori sa ƙarfe ba, kuma akwai masu yin ƙananan gyare-gyare su yi kyau. Bambancin yana wurin horo. Kowane likitan haƙori a Najeriya yakan yi shekara shida a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya koyi ciko da cirewa da wankin haƙori da maganin dasashi da haƙoran roba, daidaita haƙora kuma ɗan yanki ne a cikin karatun. Wanda zai ƙware a daidaitawa sai ya sake komawa asibitin koyarwa ya yi wasu shekaru huɗu ko fiye a kan wannan fanni, ya ci jarrabawar kwalejin horar da manyan likitoci ta ƙasa ko ta likitocin tiyata na Afirka ta Yamma, sannan hukumar MDCN mai rajistar likitoci ta rubuta masa wannan ƙarin shaidar. Manna ƙarfe, in ji ta, ana iya koya wa mutum cikin 'yan kwanaki. Abin da ke cin shekaru shi ne sanin bakin da za a taɓa da wanda ba za a taɓa ba, da sanin inda kowace saiwa za ta tsaya bayan shekara biyu.

Ta shimfiɗa mini hanyoyi ta bar ni in zaɓa. Ana iya yin tiyata a cire fiƙar gaba ɗaya a rufe gurbin da wani haƙori, wannan ya fi sauri. Ana iya kuma buɗe ganɗar a manna wa fiƙar ɗan ƙarfe mai siririyar sarƙa, a janye ta daga jikin saiwar da take ci, sannan a jawo ta a hankali zuwa mazauninta, amma a shekaruna babu tabbacin za ta motsa, domin wani lokaci haƙorin da ya daɗe a binne yakan manne da ƙashi. Na tambaye ta robar nan mai haske da ake sawa a cire, wadda na gani a intanet, ta ce ita ma tana da wurinta, ana sa ta awa 20 zuwa 22 a rana, amma ba ita ce ta dace da jawo haƙori daga cikin ƙashi ba. Na koma gida na yi istihara, na yi shawara da Umma, wadda ta ce garin neman gira kada in rasa ido, in bari a cire ƙarfen kawai in haƙura. Na yi kwanaki ina juya maganar. Abin da ya tsayar da ni shi ne haƙorin nan mai gajeriyar saiwa ba shi da tabbas, idan na rasa shi kuma na rasa fiƙar, gefen hagu ya zama kango. Na zaɓi a jawo ta.

Kafin a fara sai da aka kwance duk abin da ke bakina, aka bar haƙoran suka huta wata uku. A ƙarƙashin ƙarafan farko an sami farare-fararen tabo inda ƙarfin haƙori ya fara zaizayewa, dasashina kuma ya kumbura yana jini, domin ba wanda ya koya mini yadda ake wanke baki mai ƙarfe. Abin da ya ba ni mamaki shi ne likitar ba ta yi wannan aikin da kanta ba, wurin likitan haƙori na gama-gari ta tura ni ya kankare dattin, ya yi ciko biyu, ta ce ba a gini a kan dasashi mai ciwo. Tiyatar ma wani likita daban ne ya yi, da allurar kashe zafi, cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Aka cire ƙananan turame biyu na sama don a sami wurin mayar da na gaba baya. Na yi kuka ranar, ganin lafiyayyun haƙora biyu a cikin faranti.

Sauran labarin haƙuri ne da hanya. Duk mako shida ina Kano. Na shiga adashi don biyan kuɗin, kuma da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya yi tashin da sai da na bar wasu buƙatun. Na yi goyon ciki da ƙarfe a baki, dasashi ya sake kumbura, aka rage jan har na haihu. Na yi azumi uku da shi, waya tana kartar busasshen kumatu, ina manna mata ɗan kakin da suke bayarwa. Na bar rake da goriba da aya da gasasshiyar masara, kilishi kuwa sai dai in ji ƙamshinsa. Wata bakwai sarƙar tana rataye a ganɗata ba alamar komai, har na fara cewa Umma ta fi ni gaskiya. Wata safiya ina alwala na ji harshena ya taɓa wani abu mai tsini a inda da babu komai sai nama. Na ɗauki madubi na leƙa, sai ga ɗan farin kai kamar ƙwayar shinkafa. Na zauna a bakin gado na daɗe ban iya kiran kowa ba.

An cire ƙarfen bayan shekara biyu da wata goma, idan aka haɗa da na farko kuwa na kusa shekara huɗu, kuma abin da na kashe ya fi ƙarfin ninki biyu na kuɗin da na guda tun farko. Fiƙar tana mazauninta, leɓena yana rufuwa ba tare da na tuna da shi ba. Haƙorin mai gajeriyar saiwa yana nan, an manna siririyar waya a bayan na gaba ta riƙe shi da 'yan'uwansa, amma saiwar da ta tafi ba ta dawowa, kuma an gaya mini ƙarara cewa wata rana yana iya buƙatar a maye gurbinsa. Ba na gatsa komai mai tauri da gaba, rake sai an yayyanka mini ƙanana in tauna da turame. Kullum da dare ina sa ritena, robar da ke hana haƙora komawa inda suka fito, domin likitar ta ce haƙori ba ya manta tsohon gidansa. Hannuna kuma har yau yakan kai wa mayafi idan dariya ta zo mini ba shiri, sai na tuna in sauke shi.

Wankin haƙori da duba ciko, wurin likitan garinmu nake yi duk wata shida. Mutane suna mamakin haka, maigidana ma bai so ba da farko, amma a wannan aikin ban ga wanda ya fi shi hannu ba, kuma shi ne ya fara ganin wayar bayan haƙorana ta ɓalle a gefe ɗaya, ya ce in koma Kano a gyara, bai ce zai gwada ba. Kwanakin baya yayata ta kawo mini 'yarta mai shekara goma sha ɗaya, wadda haƙoranta suka fara hawa juna, tana tambaya ko a kai ta a sa mata ƙarfe kafin ta shiga sakandare. Na wanke hannu na shafa dasashin yarinyar ta sama, can saman fiƙoƙin yarinta, kamar yadda likitar ta nuna mini, inda ya kamata a ji ɗan tudu idan babbar fiƙa tana kan hanyarta. A dama na ji tudun, a hagu ban ji komai ba. Muka tafi da ita wurin likitan garinmu, ya duba, ya shafa wurin da na shafa, sannan ya jawo takarda ya fara rubutu. Yayata ta ce, “Likita, ba za ka sa mata a nan ba?” Bai ɗago kai ba ya ce, “Hajiya, sai an ɗauki babban hoto tukuna, kuma a Kano za a karanta shi.” An ba su ranar Talata ta makon jibi, ni zan raka su.